Warkewar Sammani Mai Taki

A ƙauyenmu na Kukar Maje, kusa da Minjibir, babu wanda zai ce maka Sammani mutum ne mai daɗin zama. Gonar gidanmu tana jikin tasa, don haka tun ina ƙarami na san shi, kuma ban taɓa ganin damina ta wuce bai yi rigima da wani ba. In akuya ta shiga masa wake, sai ya ɗaure ta a gindin ɗorawa har mai ita ya zo ya sha zagi. In ka taka masa shuka kana wucewa, zai biyo ka har ƙofar gida. A nan wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gona manne take da gona, layin gamba ne kawai a tsakani, kuma Sammani ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kan iyaka.

Amma ko maƙiyinsa ya san manomi ne. Tun yana saurayi yake kora jakai zuwa birni da rani, ya kai itace, ya dawo da mangaloli cike da taki. Daga nan sunan Mai Taki ya bi shi. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, gonarsa da ta ƙaninsa Nababa suka faɗo jikin juna. Cikin 'yan shekaru ƙasar Sammani ta yi baƙi wuluk, ta Nababa kuwa ta tsaya fara. Shi Nababa dillalin hatsi ne a Dawanau, ya fi son kasuwa da gona. Ga fara'a, ga kyauta, kowa nasa ne. Ba sa jituwa da yayansa, amma suna gaisawa.

Sammani ya doshi sittin lokacin da ciwon ya zo masa. Ba a yi masa rasuwa ba, amfanin gona bai lalace ba, hasali ma kakar ta yi kyau. Kawai sai aka ga ya daina fita. Matarsa Aina'u ta ce abinci ya gagare shi, barci ya gagare shi, sai ya wuni a kan buzu yana kallon bango, wani lokaci hawaye na zuba ba tare da ya san dalili ba. Wata rana tumakin maƙwabta suka shigo har tsakar gida suka hau kan gyaɗar da aka shanya, yana zaune yana kallonsu, ko hannu bai ɗaga ba. A ranar ce Aina'u ta tsorata. Da ta matsa masa, sai ya ce mata ji yake kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji, kuma da mutuwa za ta zo da ta rage wa kowa wahala.

An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Gari ya ce sammu ne, sai dai an rasa wanda za a zarga, domin waɗanda Sammani ya ɓata wa rai sun yi yawa. Wasu ma ba su ɓoye jin daɗinsu ba. A majalisar da ke ƙofar masallaci na ji wani dattijo yana cewa ai yanzu Sammani ya yi hankali.

Nababa ya ce zai riƙe wa yayansa gona har ya samu sauƙi, kowa ya yaba masa. Ya kwashe shanun huɗar Sammani da garmarsu ya kai gidansa, wai don a riƙa kula da su. Da damina ta faɗi, ya sa aka tumɓuke gambar da ke tsakanin gonakin biyu, ya ce ta fi sauƙin huɗa in an haɗe su. Da kaka ya aiko wa Aina'u da dammunan gero, abin da bai kai rabin wanda suka saba samu ba. Ganin haka, Malam Sha'aban da ke arewa da gonar shi ma ya turo kunyoyinsa ciki kaɗan. Masu zuwa fadama suka fitar da hanya ta tsakiyar gonar. Aka yi damina biyu a haka.

Babbar 'yar Sammani, Juwairiyya, tana aure a birni, unguwar Rijiyar Zaki. Ita ce ta zo da mota ta ɗauki mahaifinta ta kai shi asibiti, inda aka ce mata ciwon damuwa ne mai tsanani, ba aljanu ba, ba kuma hauka ba. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi. Na farko suka busar masa da baki suka sa shi jiri, aka sauya wasu, su ma watanni suka wuce babu wani canji. A nan ne likitan ya ce akwai wata hanya da ake gwadawa ga waɗanda ƙwayoyi suka ƙi karɓa. Na'ura ce da ake kafawa a gefen kai, tana aika bugun maganaɗisu zuwa sashen ƙwaƙwalwar da ya yi sanyi, don ta farfaɗo da shi. Ya ce ba kowa take yi wa aiki ba, kuma wani asibiti mai zaman kansa ne kaɗai ya sani da ita. Mijin Juwairiyya, Abdulkabir, ya ce a gwada, shi zai ɗauki nauyi.

Da labari ya iso ƙauye, Nababa ya kira Juwairiyya a waya ya yi mata tatas. Ya ce shi ne uba a gidan yanzu, kuma bai yarda a jona wa ɗan'uwansa lantarki a ka ba. Ta yi masa bayani cewa wannan daban ne da wancan na lantarki da yake ji, ba a sumar da mutum, ba a yanka ko'ina. Ya ce ita yarinya ce, birni ya ruɗe ta. Ta ce, "Baba Nababa, shekara biyu yana hannunku yana narkewa. Ku bar ni in gwada nawa." Ta kashe wayar. Wannan kashe wayar har yau ana yi mata gori da shi.

Yadda aka yi maganin daga bakin Juwairiyya na ji. An fara tambayar ko akwai ƙarfe a kansa, ko ya taɓa farfaɗiya. Aka zaunar da shi a kujera mai jingina, aka toshe masa kunne, aka yi ta matsar da na'urar a kansa har babban yatsansa ya motsa da kansa, daga nan suka gane ƙarfin da ya dace da shi. Sannan aka kafa ta a gefen hagu, sama da goshi. Ƙara take yi ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa masa kai da ɗan yatsa, ta tsaya, ta sake. Idonsa biyu, in an gama ya tashi da ƙafarsa. Kullum ake zuwa in ban da ƙarshen mako, har fiye da wata guda. Kwanakin farko ciwon kai kawai ya samu, ya ce a mayar da shi gida ya mutu a ɗakinsa. Juwairiyya ta ƙi.

Sauƙin a hankali ya zo. Ya fara cinye abincinsa, ya fara barci. Juwairiyya ta ce ranar da ta tabbatar ya dawo yadda yake, suna cikin adaidaita sahu ne za su asibiti, direban ya yi ganganci a kwana, sai ta ji Baba ya ɗaga murya ya wanke shi tas, har da iyayen da suka ba shi tuƙi. Ta ce ita kuka ta fashe da shi, direban ya ɗauka zagin ne ya sa ta kuka.

Kafin ya dawo, gari ya riga ya gama da shi. An ce an ƙona masa ƙwaƙwalwa. An ce in ka kai allura kusa da kansa sai ta manne. Wata mata ta rantse cewa wanda aka yi wa irin wannan ba ya gane 'ya'yansa. Yawancin maganganun nan daga majalisar Nababa suke fitowa, ko da yake shi da kansa sai ya girgiza kai ya ce Allah dai ya kyauta.

Da bazara ya dawo, ana sharar gona. Ya rame, amma tafiyarsa ta dā ce. Washegari da safe ya ɗauki fartanya ya nufi gona, ina daga tamu ina kallonsa. Ya tsaya ya dubi inda gamba take a dā, ya dubi hanyar da aka fitar, ya dubi kunyoyin Malam Sha'aban. Ya sari ƙaya ya toshe hanyar nan, sannan ya wuce kai tsaye gidan Nababa ya kwance shanunsa. Nababa ya fito ya tare ƙofa, suka yi cacar baki har aka taru, aka raba su da kyar.

Magana ta je gaban dagaci. Nababa bai musa cewa gonar ta Sammani ce ba. Abin da ya ce shi ne, mutumin da aka taɓa wa ƙwaƙwalwa bai kamata a bar masa dukiya a hannu ba, gara ta ci gaba da zama a wurinsa don amfanin iyali. Ya ce kowa ya ga abin da ya faru a ƙofar gidansa, mai hankali ba ya haka. Mutane da dama suka gyaɗa kai, har da waɗanda suka san cewa shekara talatin Sammani yana yin abin da ya fi haka.

Sammani ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da ina kwance ina roƙon mutuwa, waɗannan mutanen cewa suka yi na yi hankali. Yau na tashi na ce a ba ni gonata, sun ce na haukace. To a gaya mini, wane irin hankali ake so in yi?"

Dagaci ya aika a tambayi Aina'u, tunda ita ke zaune da shi. Ta aiko da amsa cewa wannan mai faɗan shi ne mijin da ta aura, wancan na kan buzu ne ba ta sani ba. Dagaci ya yanke cewa gona da shanu su koma hannun mai su. Amma da aka zo tsayar da iyaka, dattawan da suka san inda gambar take sai kowa ya ce ya manta. Aka ja sabon layi bisa sulhu, Nababa ya tafi da wani yanki na baƙar ƙasar nan da Sammani ya kashe ƙuruciyarsa yana zuba wa taki. Malam Sha'aban ya janye rabin abin da ya ci, ya riƙe rabi. Sammani ya zagi dattawan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, su kuma suka ce ga shi nan, ai dama an faɗa.

Abin da ya fi yi masa ciwo bai shafi gona ba. Ƙaramar 'yarsa Humaira an riga an kawo kayan sa ranarta daga wani gida a Minjibir. Bayan shari'ar nan sai iyayen yaron suka aiko cewa sun fasa, wai sun ji akwai taɓin hankali a gidan, suna tsoron jikoki. Sammani ya bincika ya gano cewa a Dawanau uban yaron ya ji labarin, a rumfar da Nababa yake zama. Nababa ya rantse ba shi ya faɗa ba. Sammani bai je ya yi faɗa ba a wannan karon, abin da ya ba kowa mamaki. Ya dai aika wa Nababa cewa ko gawarsa aka fito da ita, kada ya zo. Humaira ta koma wurin yayarta a birni, ta shiga makarantar koyon aikin jinya, ba ta cika zuwa ƙauye ba.

Ya yi noma damina biyu lafiya, yana shan ƙwayar da aka bar shi a kanta, yana rigimarsa. Mutane suka rage zuwa masa gayya, in ya zauna a majalisa sai hira ta mutu. Ana ce masa Mai Maganaɗisu a bayan ido. A rani na biyu nauyin nan ya fara dawo masa, barci ya fara yankewa. Likita dama ya gaya masa hakan na iya faruwa. Wannan karon bai jira ya kwanta ba, shi ya gaya wa Aina'u ta kira Juwairiyya.

Kafin ya tafi, ya sayo turakun siminti ya kafa a kusurwoyin gonar, ya ba wani mutumin ƙauyen gaba amanar shanunsa, ya ƙi ba kowa a Kukar Maje. Ranar tafiyar ya fito da hantsi da jakarsa, ya tsaya a bakin titi inda ake jiran motar birni, wurin cike da mutane. Wani ya tambaye shi ina zuwa, da 'yar dariya a bakinsa. Sammani ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Asibiti. Za a sake sa mini maganaɗisun. Ka gaya wa Nababa zan dawo kafin shuka."

Ya dawo kafin shuka kuwa. Har yanzu yana nan yana noma, shi da ƙaninsa suna sallah a masallaci ɗaya, kowa da gefensa na sahu. Bara matar Nababa ta haihu, aka yi suna, aka raba goro gida-gida, aka tsallake gidan Sammani. Da aka gaya masa, cewa ya yi dama ba ya cin goro.