Igiyar Layin Zare

Kawuna mai sayar da zare ne da maɓallai, kuma a iya sanina bai taɓa yin wata sana'a ba, in ban da faɗa da maƙwabcinsa mai fitilu. Shagonsa na cikin babbar kasuwar birninmu, wadda tsofaffi ke cewa da fari inuwar bishiyoyi ce kawai, inda masu amalanke ke hutawa. Aka sare bishiyoyin aka gina shaguna, sai aka dawo ana neman inuwa. Shi ya sa kowane layi ya koma shimfiɗa rumfar yadi a sama, daga wannan gefe zuwa wancan.

Rumfar ba ta kafuwa da mutum ɗaya. Da safe mai shago zai naɗe igiya ya jefa tsallaken layi, wanda ke fuskantarsa ya cafe ya ɗaure a ƙarfen ƙofarsa, da yamma a kwance. Mai cafe wa Kawu shi ne mai fitilu, wani dogo mai yawan tari, mutumin ƙetaren kogi.

"Jifa kake ko lallashin igiyar kake?" in ji mai fitilu. "Ka karya kuwa yau?"

"Kai dai ɗaura. Wannan ƙullin naka na ragwaye ba zai kai azahar ba."

Kullum sai ya kai yamma. Rumfar duk faci ce, ja da shuɗi da ruwan ƙwai. Ina yarinya nakan kishingiɗa a kan buhun zare, in ga rana ta ratso facin, launuka na yawo a fuskokin masu ciniki, gilasan fitilu na kamawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kunna su ba. Har yau in na yi mafarkin kasuwar a cikin hasken nan nake ganinta, mutane na tafiya a hankali kamar masu wucewa cikin ruwa.

Sai rikici ya shigo gari. Kada a tambaye ni wa ya fara. Kowane gefe na da nasa labarin, ni kuwa na gaji da jin duka biyun. Aka rufe gada. Layin katako da na takalma suka ƙone ƙurmus. Mutanen ƙetare suka daina zuwa, shagunansu suka zauna a garƙame, kuma babu mai iya gaya mana ko mai fitilu na da rai.

Da abin ya lafa aka bar mu muka buɗe. 'Yan gefenmu suka kafa sanduna, kowa ya yi 'yar rumfarsa shi kaɗai. Kawu ya ƙi. Kowace safiya sai ya naɗe igiya ya jefa, ta bugi rufaffiyar ƙofa ta faɗo, ya janye ta ya zauna cikin rana. Zarensa ya koɗe, masu saye suka koma inda ake da inuwa. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji, ni ma na ɗora nawa.

"Kawu, bari in tsallaka in ɗaure maka mana. Ƙarfen yana nan."

"A ƙofar mutum, ba ya nan? In ya dawo ya tarar an ɗaure, cewa zai yi ba a bukatarsa."

Abin na ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi. Na yi aure, na haihu, gashin Kawu ya yi fari tas, jifar tana ƙara gajarta. Aka buɗe gada. Mutanen ƙetare suka fara dawowa kaɗan-kaɗan, suna share shagunansu ba sa haɗa ido da kowa. Ƙofar mai fitilu dai shiru.

Wata safiya ina jera masa maɓallai ya jefa igiyar ko ɗaga kai bai yi ba. Ba mu ji faɗuwarta ba. Wata doguwar mace ce tsaye a tsallaken, makullai a hannu ɗaya, igiya a ɗayan. Ta juya ta ɗaure, irin ƙullin nan sak. Rumfar ta miƙe tana zubar da tsohuwar ƙura, ja da shuɗi suka sauko a kan fuskar Kawu.

"Baba, ina kwana," in ji ta. "Ya bar mini wasiyya, ya ce in zo da wuri, don ba ka iya jifa ba."

Kawu ya leƙa bayanta, ya daɗe yana duban bakin layi. Babu kowa. Sai ya zauna a hankali a cikin inuwar.

"'Yata, ƙullin nan na ubanki ne," ya ce. "Ba zai kai azahar ba."

Da yamma ta zo za ta kwance, ya ce ta bar shi tukuna.