Jatau Mai Ɗaure Zangarniya Uku

Da kaka ta kama, Baba Jatau ba ya kwana biyu a gari ɗaya. Yana idar da sallar asuba zai rataya goran ruwansa, ya ɗauki sanda, ya kama hanya. Yau a gan shi a gonakin Mada ta ƙasar Gusau yana murza dawa a tafin hannu, gobe a Tsafe, jibi ya ɓulla Bungudu. Ba shi da doki, ba shi da rawani, jakin ma aro yake yi. Amma duk makiyayin da ke ƙasashen nan uku, shi yake jira.

Ga wanda bai sani ba, a da Gusau da Tsafe da Bungudu kowa ranarsa daban ta sakin shanu cikin gonaki bayan girbi. Ita kuwa saniya ina ruwanta da iyaka? A sake ta a ƙasar Tsafe, ta wayi gari cikin dawar mutumin Gusau da ba a yanke ba. An sha fasa kai a kan haka. Jatau ne ya yi ta zirga-zirga har sarakunan noma da arɗaɗɗe suka yarda da zama ɗaya a gindin dutsen Kwatarkwashi. Kowace ƙasa ta gama girbi sai ta aiko da zangarniyar dawa. In uku sun cika, Jatau ya ɗaure su wuri guda, sannan a saki shanu ko'ina rana ɗaya.

Shekarar da ruwa ya yi jinkiri, ni kaina ina wurin. Zangarniya uku sun iso, Arɗo Labbo ya ƙagu, don shanunsa har haƙarƙari ake gani. Jatau ya juya zangarniyar Gusau a hannunsa, ya ajiye.

"Ba ni ɗaure wagga," in ji shi. "Na biyo ta Wonaka, dawar Yelwa tana tsaye."

Yelwa mijinta ya rasu da damina, ita kaɗai ta yi noman, gonar kuma tana can bakin daji. Sarkin noman Gusau bai aiko zangarniyar da mugunta ba, mantawa ya yi da ita. In aka saki shanu, abincinta na shekara da na 'ya'yanta ya tafi kafin azahar.

Arɗo ya buga sanda ƙasa. "Malam Jatau, don gona guda za a kashe muna dukiya?"

"Arɗo, samarinka mi suka yi gobe? Su aje sanda su ɗauki wuƙa. In munka taru, dawar nan ba ta kai la'asar."

Haka kuwa aka yi. Mutanen Tsafe suna kayar da kara, na Bungudu suna yanka, Fulani suna ɗaurin dami. Damin Arɗo dai sai da aka kwance aka sake, har yau ana tsokanarsa da shi. Yelwa ta zaro zangarniya ta ƙarshe ta miƙa wa Jatau. Tun daga ranar, ba a karɓar zangarniya sai daga gonar da ta yi ƙarshe, daga hannun mai ita.

Kwanan baya wani bafatake ya kawo labarin cewa bayan yaƙin Jamus, Turawa sun kafa majalisar ƙasashe don kada a sake faɗa. Jatau ya yi dariya ya ce, "Madalla. To Allah shi ba su mai bi ta gonar bakin daji."

Baba Jatau, kai ne ka haɗa ƙasa uku da tafin ƙafarka. Kai ne ba ka taɓa tambayar gonar wa ce ba kafin ka tsaya mata. Ina son ka, kuma ba ni jin kunyar faɗa.

Bana gwiwa ta ƙi, ya aika cewa a nemi wani. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Masu sauran ƙarfi kuma, hanyar tana nan, a samu mai binta har Wonaka.

Amma ranar zaman ba wanda ya yarda ya taɓa igiyar. Jama'a suka kwaso zangarniya uku har ƙofar gidansa. Arɗo Labbo ya durƙusa ya ce, "Shanu na iya jira, Malam. Ɗaure muna." Yelwa ce ta riƙe masa hannu yana ɗaurewa.