Man da Yaya Sale Ya Ƙi Saya

Ina kan keke ina ɗinka wuyan wata riga a shagona da ke Tudun Wada, wayata ta yi ƙara. La'asar ta ɗan gota. Kawu Mamman ne, ƙanin mahaifinmu, wanda bai saba kirana da kansa ba. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Habu, sai haƙuri. Rabi ta riga mu gidan gaskiya, ita da abin da ke cikinta. Ka taho, ana jiranka."

Na ce, "A asibiti?"

Ya ce, "A hanya. Mota ce ta tsaya da su."

Rabi matata ce. Cikin fari ne, don haka ta koma goyon ciki gidan iyayenta, a ƙauyenmu da ke bayan Yako. Ban tambayi Kawu wace mota ba. Mota ɗaya ce a ƙauyen, ta yayana Sale, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya.

A cikin bas ɗin da na hau, kuka ya ƙi zuwa. Abin da ya yi ta dawo mini a rai shi ne wata tatsuniya ta kakarmu, har na ji kunyar kaina.

Iya muke ce mata, mahaifiyar babanmu. Idan aka gama kai amfanin gona gida, sanyi ya sauko, ita ke hura wutar karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. Mu jikoki mu zagaye ta, kowa ya tusa ƙafafunsa cikin riga. Takan binne mana dankali a cikin toka, ita kuma ta zauna tana goga goro a magogi, don haƙoranta sun ƙare. Ɗumin wutar nan da ƙamshin dankalin, har yau ban sami abin da ya kama su ba.

Sai dai Iya ba mai lallashi ba ce. A tatsuniyoyinta ba a cika tsira ba. Wanda ya faɗa rijiya yana nan a ciki, wanda ya ɓata a daji ba a sake ganinsa. Idan ƙananan cikinmu suka fara hawaye, sai ta ce, "Yi kukanka yanzu da araha." Tana kuma auna tatsuniya da mutum, kamar yadda nake auna yadi. Ka yi rowa da rana, da dare za ka ji labarin marowaci, tana faɗa tana kallonka.

Sale shi ne abokin wasanta, shi take kira mai gidana. Yaro ne mai tattali. Yana da wata mota da ya ƙera da gwangwani da tayoyin silifa, ba ya bari kowa ya taɓa, ba ya jan ta a cikin taɓo. Wata rana ƙanwarmu ta ɗora mata 'yar tsana, ya ture ta har ta fasa leɓe. A daren ne Iya ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, mai kunne ya tare ta."

Muka ce, "Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma."

Ta ce an yi wani mutum, Tanko, mai farin jaki. Duk jakunan gari a kududdufi suke shan ruwa, amma ban da na Tanko. Shi sai ruwan wata rijiya mai nisa, garai-garai kamar idon zakara. Mutane suka ce, "Tanko, jaki ne fa." Ya ce, "Naku ne jakuna." Ran nan tsohuwarsa ta kwanta ciwo, aka ce sai an kai ta wurin mai magani a ƙetaren daji. Ya ɗora ta a jaki suka kama hanya, rana tana dukansu. Suka iso wani kududdufi, jaki ya miƙa wuya, Tanko ya fizge igiya. Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, bar shi ya sha." Ya ce, "Inna, wannan ƙazantar? Rijiya na gaba kaɗan." Ba su kai rijiyar ba, jaki ya durƙusa. Tanko ya jingina tsohuwa da cikin jakin, ya ɗauki gora ya ruga. Kafin ya dawo rana ta faɗi, kura ta riga shi. Bai tarar da komai ba sai igiya da ɗankwali.

A nan Iya ta tsaya ta jefa garin goro a baki. Muka ce, "To sai ya yi yaya?"

Ta ce, "Sai ya shanye ruwansa mana. Ana zubar da ruwa mai kyau ne?" Ta kece da dariya har da tari. "Ƙurunƙus, ko kan jakin kura ba ta bar masa ba."

Babu wanda ya taya ta dariyar. Sale ya ɗago kai, fuskarsa a murtuke, ya ce, "Iya, to da ya bar shi ya sha, matsattsaku ya maƙale masa a maƙogwaro ya mutu fa?"

"Da ya mutu da ƙoshi."

"Ai duk ɗaya ne, ba za su kai ba."

Ta nuna shi da magogi. "Ku ji min mai gidana! Kai kam, ranar da na tashi ciwo, don Allah kada a kira ka. Gara a ɗora ni a kan akuya." Sai a lokacin muka yi dariya, mu duka, muna nuna shi. Ya tashi ya bar dankalinsa a toka.

Iya ta rasu kafin Sale ya fara tuƙi. Ya yi shekaru yana jan motar wani, yana tarawa, har ya sayi tasa. Ba a daɗe ba ya sha man galan a bakin hanya, ashe an sirka shi da kananzir, injin ya buga. Sai da ya sayar da shanun nomansa kafin ya sake tsayawa da ƙafarsa. Tun daga nan ya rantse motarsa ba za ta ƙara shan man 'yan bumburutu ba. Ko gidajen mai ma ba kowanne ba. Akwai wani babba a bakin kwalta wanda ya fi saura tsada, ana cewa nasu tatacce ne, na manyan motoci. Can kawai yake zuwa. Direbobi a tasha suna tsokanarsa, "Sale, tsohuwar motar nan taka da shayi take karyawa ko da kunu?" Shi kuma ya shafa bonet ya ce, "Ku saurari injin. Naku tari yake, nawa waƙa yake." Ni ma na sha yi masa dariya, dariyar ƙauna.

Abin da ya faru a ranar, daga bakin Inna Asabe na ji shi, mahaifiyar Rabi, wadda ta riƙe kan 'yarta a kujerar baya. Naƙuda ta zo da jini, ungozoma ta ce a tafi asibiti maza. Aka kira Sale, ya zo a guje ko hula babu. Man motar ya yi ƙasa, don da safe ya yi jigilar 'yan kasuwa. A mararrabar ƙauyen akwai Malam Ɗahiru mai sayar da fetur a galan, ga su nan jere a kan teburinsa. Inna Asabe ta ga Sale yana duban allurar mai, ta ce, "Sale, tsaya ka sha ko galan ɗaya."

Ya ce, "Inna, wannan man shi zai kashe mana mota a tsakiyar hanya. Wanda ke ciki zai kai mu kwalta, in sha Allahu."

"Ɗan nan, ka ji tsoron Allah ka tsaya."

"Na san motata, Inna."

Bai kai su ba. Motar ta yi shiru a tsakanin gonaki, inda babu gida babu rumfa. Sale ya fita da gudu yana ɗaga hannu, har wani mai babur ya ɗauke shi ya koma da shi wurin Malam Ɗahiru. Ya dawo rungume da galan ɗin da ya wuce ɗazu. Yana cikin ɗurawa da mazurari, Inna Asabe ta ce masa, "Bi a hankali, kada ka zubar. Babu sauran sauri."

Da man galan ɗin motar ta juyo da gawar gida. Ta tashi a murɗawar farko. Inna Asabe ta ce ko sau ɗaya ba ta yi tari ba.

A zaman makoki kowa ya faɗi abin da ake faɗa, cewa kwana ne ya ƙare, kuma ko da an kai asibitin babu wanda ya san abin da za a tarar. Na yarda da wannan, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma mutanen da suka faɗa mini haka, su ne na ji suna raɗa idan Sale ya wuce. Wani a tasha ya tambaye shi a gaban jama'a ko injin yana nan yana waƙa.

Daga baya na tambayi wani bakanike da ke kusa da shagona, ba tare da na gaya masa dalili ba. Ya ce tsohon inji irin wannan bai san bambancin mai tsada da na gama-gari ba, muddin ba a sirka da ruwa ko kananzir ba. Na ce to ta yaya mutum zai gane wanda aka sirka a bakin hanya? Ya ce, "Wani lokacin a wari, wani lokacin sai ka sha." Na so ya ba ni amsar da zan riƙe in tsani yayana da ita, ko wadda zan wanke shi da ita. Bai ba ni ko ɗaya ba.

Muna yara na ɗauka tatsuniyar Tanko labarin wawa ce. Yanzu ina ganin Tanko ba wawa ba ne. Mutum ne da ya iya kula da abu, ya saba da hanya ɗaya ta kulawa, har ranar da ake bukatar ya saki hanyar ya kasa. Tambayar da Sale ya yi a bakin wuta ma tambaya ce ta gaske, matsattsaku yana nan a kududdufi, ya kuwa taɓa kama Sale ranar da injinsa ya buga. Iya ta ga halin tun yana ɗan ƙarami, ta gan shi sarai. Abin da ta yi da shi kawai shi ne ta sa muka yi masa dariya. Ina ƙaunarta, ina yi mata addu'a, amma wannan ban san inda zan ajiye shi ba.

Sale yana nan yana tuƙi. Har yanzu a wancan gidan man yake sha, sai dai an ce kullum akwai jarka cike a bayan motar.

Bayan addu'ar arba'in ya zo Tudun Wada. Ya cire takalmi a ƙofar shago, ya shigo ya tsuguna a gaban kekena, shi da yake babba. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ce, "Habu, ka yafe mini."

Na ɗebo masa ruwa a randa. Na ce, "Yaya, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce, "Amin. Amma naka nake nema."

Na duƙa na ci gaba da ɗinki. Ya zauna har aka kira magariba, muka yi salla a sahu ɗaya, kafaɗarsa tana taɓa tawa. Da aka sallame ya shiga motarsa ya tafi. Har yau ban ba shi amsa ba.