Ajin Evencio, Allin Oneida

A Boconó, in ka tambayi wanda ya yi sakandaren gangare wa ya koya masa lissafi, zai ce Malama Oneida. In ka tambayi ofishin makarantar, za a ce maka Malam Evencio Paredes. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa da inda ya duba.

Oneida Rangel 'yar mai gyaran takalma ce. Ta gama karatun koyarwa a lokacin da gurbin aiki ya zama sai wanda ya san wani, ita kuwa ba ta san kowa ba sai Evencio. Tare suka yi kwaleji, shi ya riƙe mata 'yarta ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna compadre da comadre. A nan, wannan zumuncin kan fi na jini nauyi.

Evencio yana da gurbi, amma albashin ba ya kai shi tsakiyar wata, sai ya koma safarar cuku zuwa Valera. Ya yi abin da da yawa ke yi: ya bar sunansa a makaranta, ya nemi mai shiga masa aji. Ran Juma'a yakan ba Oneida rabonta hannu da hannu, wani lokaci da ɗan cuku a kai. Shugabar makarantar, Doña Fidelina, ta sani. In sun haɗu da Oneida a baranda, sai ta sami abin kallo a taga.

Haka ta yi shekaru. Da safe tana gasa arepa, wainar masarar garin, a bakin tashar mota, da azahar ta wanke hannu ta ɗauki alli. Da arepar ma take koyar da rabi da kwata: ta yanka, ta yi tambaya, wanda ya amsa daidai ya cinye. Yara ba sa fashin ajinta.

Yayanta da ke Kanada ne ya aiko cewa ana ɗaukar masu sana'a, ta gwada, akwai ɗaki yana jiranta ita da 'yarta. Ta hau mota ta je wajen wata mata a Trujillo mai taimaka wa mutane da takardun tafiya.

"Aikina na rabin rana ne," in ji Oneida. "Ana lissafa irinsa?"

"Ana lissafawa. Awa kan awa ake tarawa har su cika, muddin aikin biya ne, kuma makarantar ta shaida ke kika yi. Sai dai ki hanzarta, kowace shekara da kika ƙara tana cin makin da Kanada ke ba mai nema."

Ko gida ba ta biya ba, ta wuce wajen Evencio. Ta same shi yana loda cuku a bayan mota.

"Comadre! Wannan fara'ar fa? Ko kin yi sabon miji ne ba a gayyace ni ba?"

"Kai dai rabu da shirme, compadre. Awoyina suna da amfani!"

Matarsa ta kawo kofi, Oneida ta zayyana musu komai, har sunan matar Trujillo da layin da take. Evencio ya saurara fiye da yadda ya saba. Ya tambayi maki nawa ake nema, ya tambaya ko ana zuwa a duba aji. Ita kuwa daɗi take ji ana sauraronta.

"Abu ɗaya ya rage, mu je tare ka gaya wa Doña Fidelina ta rubuta gaskiya."

"Wannan ai ba roƙo ba ne, haƙƙinki ne. Bari bikin Ista ya wuce."

Ista ya wuce, ya ce a bari a gama jarrabawa. Aka gama, ya ce motarsa ta lalace a hanya. Sai cukun Juma'a ya riƙa ƙara girma. Oneida ta lura, amma ta ce kasuwa ce ta yi kyau.

Da damina ta zagayo ta gaji da jira, ta shiga ofis ita kaɗai. Doña Fidelina ta tura mata kujera, abin da ba ta taɓa yi ba.

"'Yata, awoyin nan na riga na shaide su."

"Ga wa?"

"Ga mai sunan. Tun bara ya zo, ya ce kun yi magana." Ta gyara gilashinta. "Aji ɗaya ba ya ɗaukar malamai biyu. In na canza baki yanzu, ni aikina ya tafi, shi a hana shi shiga Kanada har da 'ya'yansa. Ke ma ba lallai su yarda da ke ba."

Oneida ta dubi hannunta. Akwai alli a ƙarƙashin farcenta.

Ta tarar da gidan Evencio rabi a kwali. Firiji a waje, an ɗaura masa farashi.

"Comadre, ai ina shirin zuwa wajenki..."

"Da cuku?"

Ya sosa ƙeya. "Ki duba da kyau. Takardunki ba za su taɓa wucewa ba, babu sunanki ko'ina. Gara wani ya ci da a zubar. In na zauna zan jawo ki, na rantse da 'yar da na riƙe."

"Ita dai ka bar ta. Tambaya ɗaya, compadre: in sun ba ka aji a can, wa zai shiga maka?"

Ya juya ya ci gaba da ɗaure kwali. Matarsa ta fito da tukunyar fure ta miƙa mata, wai ba a shiga jirgi da ƙasa. Oneida ta karɓa, don furen bai yi mata komai ba.

Tana da lambar matar Trujillo, kuma ta san abin da magana ɗaya za ta yi wa tafiyarsu. An ga ta riƙe waya a bakin tasha har arepa ta ƙone. Daga baya ta mayar da ita aljihu. Ƙaramar 'yar Evencio a ajinta take, yarinya ce mai son zama a gaba.

Bayan sun tafi, Doña Fidelina ta kira ta ta ba ta gurbin, da sunanta, tana ta murmushi kamar mai kyauta. Lissafin awoyi zai fara daga ɗaya, shekaru kuwa ba su tsaya jiran kowa ba. Ɗakin da yayanta ya tanada an sa ɗan haya.

Ranar da aka koma hutu, ta shiga aji ta rubuta a saman allo da manyan baƙaƙe: ONEIDA RANGEL. Yara suka fashe da dariya.

"Malama, ai mun san ki!"

"Ku kun sani," ta ce. Ta kaɗe hannu. "Kada mai goge allo ya taɓa nan."