Tukunyar da Muka Kai Bayan Belel

Ranar Asabar ta biyu a watan Nuwamban bara, da ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba, muka fito daga gida a unguwar Nassarawo, cikin Mubi. Matafiya mu biyu ne, ni da yayana Sabi'u, mai sayar da yadi a kasuwar Mubi. Matarsa, Adda Rabi, ta rako mu bakin zaure.

Wata huɗu kafin nan taifot ta huda wa Yaya hanji, aka yi masa aiki. Likita ya sallame shi da sharaɗi guda: kada ya ƙara shan ruwan da bai san asalinsa ba, don cikin ba zai jure karo na biyu ba. Shi kuwa ya yi alkawarin idan ya miƙe zai taka har rugar Baffa Njobdi, wanda ya shekara ashirin yana kiwata masa shanu a duwatsun bayan Belel, ya gode masa kan man shanun da ya riƙa aikowa.

"Nasiru," in ji Adda Rabi, "ga shi nan na ba ka lafiya lau. Haka za ka maido mini shi."

"Sai ka ce akuya," in ji Yaya.

"Akuya ai tana jin magana."

Mubi zuwa Belel

Mota ta cika ƙarfe bakwai saura biyar. Kayana: jaka biyu ta fiya wata, leda arba'in ke nan, da tukunya, da jarka mai murfi, da farin ƙyalle, da ɗan dutsen alam mai kwantar da laka. Mun wuce shingen bincike uku. A na biyu jami'in ya ɗaga tukunyar ya leƙa ciki.

"Alhaji, biki za ku?"

"Ƙanina ne ɗan rediyo," in ji Yaya. "Ko ruwa sai ya tace shi kamar labari."

Mun iso Belel ƙarfe goma da minti ashirin. Muka karya da ƙosai da koko mai zafi, muka ɗauki babura biyu.

Belel zuwa ruga

Hanyar duwatsu ce zalla. Sha biyu saura minti goma na ji bayana ya jiƙe. Robar da aka ɗaure kaya da ita ta yanka jakunkunan, ledojin suna ta fashewa tun ban sani ba. Da muka kwance, tara suka rage.

"Kada ka damu, Oga," in ji Yohanna, mai babur ɗina. "Mayo yana nan, rafi ne mai ruwa kamar madubi."

Inda babur ya gaza muka ci gaba da ƙafa, minti hamsin. Yaya ya sha leda huɗu, ni ɗaya. Kwana biyu ke gabanmu da leda huɗu.

Rugar Baffa Njobdi

Ƙarfe ɗaya da minti talatin da biyar muka iso. Baffa ya rungume Yaya ya daɗe bai sake shi ba. Kafin mu gama zama a tabarma, matarsa Dada Asta ta durƙusa da ƙwarya cike da ruwan mayo, wato rafin da ke ƙasan rugar. A wajensu baƙo yakan sha ruwa kafin a gama gaisuwa, ƙin sha kuwa ƙin mai gida ne. Yaya ya karɓa da hannu biyu. Na riƙe masa wuyan hannu.

Baffa ya dube ni.

"Ruwa mai gudu ne," in ji Baffa a hankali. "Da shi muke alwala. Da shi muka girma."

Na soma bayanin cewa ruwa yana iya halatta ga alwala amma ya ɗauko ciwon da ido ba ya gani. Yaya ya katse ni.

"Ajiye labaran duniya tukuna."

Ya ɗaga rigarsa. Ɗinkin ya taso daga ƙasan ƙirji har ya wuce cibiya.

"Baffa, ruwa ne ya yi mini wannan. Kuma ya fi naka haske."

Baffa ya dubi ɗinkin, ya karɓi ƙwaryar daga hannun Yaya, ya kafa kai ya shanye.

"To, na sha maka," ya ce. "Asta, hura wuta."

Na ɗebo ruwa a bokiti, na juya alam a ciki sau kaɗan na cire. Bayan rabin awa laka ta kwanta. Na tsiyaye na saman ta ƙyalle mai ninki huɗu. Baffa ya ce ai ya yi fes, a sha. Na ce alam laka kawai yake kwantarwa, wuta ce ke kashe ciwon. Sai da ruwan ya soma tafasa sosai a tukunya na dubi agogo, na ba shi minti uku. Ya huce a rufe, na zuba a jarka, na roƙi kada a tsoma kofi ciki. Dada Asta tana gefe tana gyaran ƙore, tana kallo.

Lahadi

Da hantsi Baffa ya kai ni ganin mayon. Taku ɗari biyu sama da maɗiba, shanu ne tsaye cikin ruwan har gwiwa. Na nuna masa. Ya ce ya gani.

Muka dawo sha ɗaya da minti goma, na tarar da Yaya a inuwa da ƙwaryar fura, ya kusa ganin gindinta. Sai a lokacin na tuna abin da duk lissafina ya tsallake: da ruwa ake dama fura. Na je na ɗaga jarkar. Tana cike yadda na bar ta, ba wanda ya taɓa.

"Yaya, ludayi nawa ka sha?"

"Wa ke ƙirga ludayi?"

Fuskar Adda Rabi ce ta faɗo mini. Asibiti mafi kusa kuma sai an sauka dutse.

Dada Asta ta leƙo daga bukka. "Ɗan rediyo, kai kaɗai ne mai ido?" Ta nuna tukunyarta a kan murhu, a rufe. Tun da safe ta tace ruwa da sabon mayafinta ta tafasa. Kindirmon ma an dafa madararsa kafin ya kwana. Ƙwarya da ludayi ta ɗauraye su da ruwan zafi.

"Amma minti nawa ya tafasa?"

"Ba ni da agogo. Na bar shi yana tafasa har na gama tatsar saniya ɗaya."

Da safen nan na tsaya kallon tatsarta, kuma bisa ɗabi'a na duba agogo. Minti bakwai take yi.

Na zauna na nemi ludayi.

Litinin

Mun bar ruga ƙarfe bakwai da jarka cike, na bar wa Dada Asta tukunyar da sauran alam. Ƙarfe huɗu da kwata muka shiga Nassarawo. Adda Rabi ta zagaya Yaya sau ɗaya, ta taɓa goshinsa, ta ce ta karɓa, amma sai an ga mako uku, don taifot takan kai haka kafin ta bayyana.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Yohanna da abokin aikinsa, da mutanen ruga da suka ɗauki nauyinmu.

Mako uku suka cika ba zazzaɓi. A watan Janairu Baffa Njobdi ya aiko da kwalbar man shanu, da saƙon cewa ya mai da mashayar shanu ƙasa da maɗiba, kuma alam ya ƙare.