Lissafin Mai Doki

Gidan Toktosun shi ne na ƙarshe kafin hanya ta fara hawa dutse, can ƙasar Narin. Makiyayi ne, a kan doki ya girma, a kansa ya yi furfura. Masu zaga duniya a kan keke duk a ƙofarsa suke yada zango. Bai taɓa gane abin da zai sa mai hankali ya bar mota ya riƙa haki a kan ƙarfe ba, amma baƙo baƙo ne. Matarsa Burulkan ta zuba shayi, shi kuma ya zauna yana tsokanarsu.

Ƙarshen kaka, wata shekara, wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Tatar mai suna Rinat ya iso, wata huɗu ke nan yana hanya. Harshensa ya yi kusa da nasu, don haka hira ta yi daɗi. Ya ci gurasa da man shanu, ya sha shayi kofi uku. Bayan azahar ya miƙe.

"Baba, zuwa gidan masu gyaran hanya a bayan dutsen nan, tafiyar awa nawa ce?"

"Biyu, ɗana. In ka yi nawa, biyu da rabi."

Burulkan ta leƙo. "Tsoho, dubi sama mana. Bar shi ya kwana."

"Ke da ko rafi ba kya tsallakewa? Hanyar da na bi sau dubu! Ai da sauran rana zai isa."

Ba ƙarya ya yi ba. Awa biyu ce, in kana kan doki kana yanke ta turbar awaki. Ko a ransa bai kawo cewa keke titi yake bi ba, titin kuwa lauje-lauje ne ba iyaka. Da la'asar dusar ƙanƙara ta sauko. Bayan kwana uku masu share hanya suka tsinci Rinat zaune jingine da kekensa, ƙasa kaɗan da ƙolin dutsen. 'Yan'uwansa suka zo suka ɗauki gawa, suka bar keken, suka ce ba sa son ganinsa.

Kowa ya ce ajali ne. Maƙwabcinsa Jirgalbek har faɗa ya yi masa. "Yaya, kai ka saukar da ƙanƙarar? Ci abinci, don Allah."

Toktosun bai musa ajali ba. Abu ɗaya yake so ya sani: da sama ta yi kyau, keke zai iya kaiwa cikin awa biyu? In zai iya, to bakinsa ya fita daga laifi.

Da ƙanƙara ta narke, tsoho ɗan shekara sittin da huɗu ya fara koyon keke a bayan garke. Ya sha ƙasa har ba a ƙirgawa. Jirgalbek kan tsaya a kan dokinsa yana ihu, "Ja linzami, Yaya! Wannan ba ya jin zagi!" Ƙauye ya samu abin dariya, Burulkan kaɗai ce ba ta yi ba. Ita ke shafa masa kitsen rago a gwiwa, ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Tsakiyar bazara, ranar da babu ko ɗigon gajimare, ya cika jakunkunan keken da gishirin dabbobi daidai nauyin kayan marigayin, ya ɗaura agogo, ya kama titi da hantsi. Ya tuƙa inda zai iya, ya tura inda ba zai iya ba. Da awa biyu ta cika ya waiwaya, sai ga rufin gidansa can ƙasa, har hayaƙin murhun Burulkan yana gani.

Bai juya ba. Daga nan ya ga abin da mai doki ba ya gani. Kowace kwana ta titin kama take da ta ƙarshe, sai ka sha ta ka tarar da wata. A kowacce zuciya na cewa saura kaɗan. Awa bakwai ya yi kafin ya isa inda aka tsinci Rinat. Ya ce yaron ya fi shi ƙarfi, ya raba awa bakwai ɗin gida biyu, duk da haka ya wuce awa biyu. Nan ya zauna a bakin titi ya yi kuka irin wanda bai yi wa mahaifinsa ba.

Wata motar kaya ce ta sauko da shi. Burulkan na tsaye a ƙofa.

"Nawa, tsoho?"

"Bakwai, ban ma kai ba."

"To ai ka sani yanzu. Shigo ka huta."

Ya tsaya riƙe da keken. "Lokacin da ƙanƙarar ta fara zuba yana iya hango gidan nan, Burulkan. Gangara ce kawai, da ya sha shayinki. Maganata ya yarda da ita, shi ya sa bai juyo ba."