Zoɓon Kan Iyaka

Gonar Inna a bayan Adabka ba ta da girma, amma zoɓon da ke fitowa daga gefenta na gabas ya shayar da unguwarmu shekara da shekaru. Ba ta taɓa ba shi takin zamani ko maganin feshi ba. Kashin shanun Fulanin da ke sauka a gonar bayan kaka shi ne abincinsa. Takan jiƙa shi da citta da kanumfari, ta tace, ya fito ja wur, ta sayar a farashin da ko ɗan acaɓa ba ya tsayawa ciniki.

A wajenmu kan iyaka ake shuka sure, wato yakuwa, tsiron da ke ba da zoɓon, domin jan karansa ya raba gona da gona. Inna kuwa ba ta tsinke ƙwanson ƙarshe, takan bar shi ya bushe ya fashe a wurin. "Ƙasa ma tana da rabonta," in ji ta.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, maƙwabcinmu na gabas, wani Alhaji da kullum yake aikowa a sayo masa zoɓon nan, ya tuge busassun karan da rani ya ƙone. Da ruwa ya sauka ya sa garmar shanu ya haɗe wannan gefen da gonarsa, ya shuka dawa. Na zo daga Bukkuyum, inda nake aikin ajiyar takardu a kotu, raina a ɓace, domin cin gonar mai takaba zalunci ne da ba shi da wani suna. Na kuma san gonar ba ta da takarda.

"Inna, iyaka tana can gindin kalgo," in ji Alhaji da muka same shi da maganar. "Tsufa ne ya sa kika manta."

"Alhaji, tun ba ka iya ɗaura wando ba nake tsinkar sure a nan."

Da muka kai ƙara, mai unguwa ya ce a dakata har ya sami sukunin zuwa. Kafin ya zo aka yi ruwa mai ƙarfi. Da muka isa gonar tare da shi, sai ga jajayen tsirrai sun keto ƙasa a tsakiyar dawar Alhaji, sun miƙe tun daga hanya har bakin rafi, daidai inda tsohuwar iyaka take. Irin da Inna ke bar wa ƙasa ne, garma ta binne shi, ruwa ya tashe shi. Na ga shaidu da yawa a aikina, ban taɓa ganin wanda ya tsaya miƙe haka ba. Inna kanta ta dafe baki tana tasbihi.

Mai unguwa ya daɗe yana kallo. "Alhaji, ashe kai ma ka shiga noman sure, har da jan layi?"

Alhaji ya sunkuya. Da hannunsa ya cire dawar da ta tsallake. Zoɓon shekarar ya fi na kullum tsami, Inna kuma ba ta ƙara masa sukari ba.